Dogo da Gajere

Talata, 11 ga Afrilu

Abin nema ya samu. Yaya Roku zai kai Gajere gwanjo.

Mai kiran gwanjo ne ya gaya mini a waya da safe, yana wani rage murya kamar mai ba da labarin mutuwa. Na yi masa godiya, na ajiye wayar a hankali. Sai da na shiga ɗakin baya na ja ƙofa sannan na yi dariyata son raina. Tokie ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, wai "Baban yara, lafiya?" Na ce lafiya ce ta kawo haka.

Takubba biyu, wa da ƙane. Maƙeri ɗaya ya ƙera su a Osafune, aka yi musu kube da ƙota iri ɗaya don ɗamarar mutum ɗaya. Faifan ƙarfen da ke gindin ƙotar Dogo, zalɓe ne a sama yana neman wurin sauka. Na Gajere kuwa kyauron bakin rafi ne, babu tsuntsu. Da magadan wani tsohon gida a Tsuyama suka yi faɗa, sai wa ya sayar mini da Dogo, ƙanwa ta sayar wa Yaya Roku da Gajere, don kawai kada su haɗa dillali. Gashina baƙi ƙirin ne a lokacin. Tun daga ranar zalɓena yake shawagi, kyauron yana can shagon wani tsoho mai taurin kai a tsallaken gada.

Wannan karon zai sauka.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Na je shagon Yaya Roku. Ba roƙo na je yi ba, na je ne in ga abin da zan saya.

Tun muna yara masu shara a shagon maigidanmu ya riga ni shiga, shi ya sa nake ce masa Yaya, shi kuma har yau bai yarda na girma ba. Yana ganina ya ce, "Ungulu ta ji wari. Shigo, Genzo, ban mutu ba tukuna."

Na ce, "Ai na gani. Alkawarinmu dai shi ne daga hannun matarka zan saya. Me ya sa ka karaya?"

"Na ga ka fara tsufa, na ji tsoron ka riga ni, in rasa wanda zan cuta."

Na ce to ya faɗi kuɗinsa a nan, mu huta da taron jama'a. Ya ce a'a. Wai in ya sayar mini a gida, zan bi gari ina cewa na yi masa wayo; in kuma ya rage mini, zan ce sadaka ya yi mini, in ƙi gaishe shi shekara. "Je ka sha wuya a gaban mutane, shi ne za ka san darajarsa." Hali zanen dutse.

Ya fito da shi. Muka sunkuya wa takobin, kowa ya naɗe farar takarda ya cije a leɓe, kamar yadda maigida ya koya mana da ranƙwashi: ba a magana a kan tsiraicin takobi, ɗigon yawu ɗaya tsatsa ne. Wannan ne kaɗai lokacin da bakin Yaya Roku yake hutawa a duniya. Na ɗaga shi wajen hasken taga. Zanen wutar da ke bin kaifinsa irin na Dogo ne sak, har inda yake lanƙwasa kusa da tsini. Ban dai nuna masa ya burge ni ba.

Abu ɗaya. Ni ya miƙa wa kube in mayar, shi da ba ya yarda kowa ya mayar masa da takobi. Da ya zo zuba shayi kuma, rabi a faranti ya zuba. Ya ce butar ce ta lalace.

Asabar, 22 ga Afrilu

Na goge Dogo, na shafa masa man kanumfari. Na gyara mataki na biyu na maratayin takubba, wanda ya daɗe yana shan ƙura.

Laraba, 26 ga Afrilu

Shiraishi zai zo gwanjon daga Tokyo. Yaron nan mai farar riga da ba ya duban takobi da ido sai ta cikin wayarsa, yana ɗauka yana aika wa masu kuɗin ƙasashen waje. In Gajere ya faɗa hannunsa, sai dai ya ƙare a bangon falon wani da zai riƙa taɓa shi da yatsa bayan ya ci nama.

Ban tsorata ba. Yaro man kaza ne. Amma aljihun da ke bayansa ba na yaro ba ne, dole in shirya. Zan sayar da baƙin sulken nan na shago.

Juma'a, 5 ga Mayu

Ranar yara maza. Na kafa baƙin sulke a gaban shago kamar kowace shekara, yaran unguwa suka zo suna leƙen gashin bakin da ke jikin abin rufe fuskarsa. Tokie ta raba musu wainar shinkafa a ganye. Na ƙarshe ke nan.

Na yanke shawara: kwalkwali daban, sulke daban. A haɗe kuɗinsu ɗaya, a rabe ya kusa ninkawa, don masu tara kwalkwali ba ruwansu da sauran jiki. Kowa a kasuwar nan ya san haka, kowa yana yi, ni ne dai na yi shekaru ina zagin masu yi.

Tokie ba ta bar ni ba. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Wato za ka raba kai da gangar jiki don ka haɗa wa da ƙane."

Na ce mata ba ta san kasuwa ba.

"Ban sani ba kam. Na dai san in Roku-san ya ji, sai ya yi wata yana dariya."

Ya yi ta yi. Mai dariyar ƙarshe nake so in zama.

Laraba, 17 ga Mayu

Gajere ya zama nawa.

Bari in rubuta tun da zafinsa. Saman masaukin nan na kullum, mun zauna a tabarma mun yi da'ira, kaya suna zagayawa a faranti daga hannu zuwa hannu. Kwalkwalina ya tafi da safe, wani daga Osaka ya ɗauka. Sulken ya bi wani daban, ba kai. Ban kalla ba lokacin da ake naɗe shi, na tashi na je shan ruwa.

Bayan abincin rana aka fito da Gajere. Yaya Roku yana zaune kusa da mai kira, wurin mai kaya, ya sa tsohuwar rigarsa ta fita kunya, hannayensa a cikin hannun riga. Da farko ƙananan dillalai suka yi ta jefa tayi, na bar su suka gaji. Sai Shiraishi ya shigo, kunne ɗaya a waya. Ya ɗaga, na ɗaga. Ya ɗaga, na ɗaga. Shi sai ya tambayi wanda ke cikin waya, ni kuwa ba ni da wanda zan tambaya, wannan ita ce nasarata. Ban bar numfashi ɗaya tsakanin tayinsa da nawa ba. Haka maigida ya koya mana: in abokin tayi ya ga kana lissafi, ya cinye ka.

Kuɗin kwalkwali suka shige. Na sulke suka bi su. Na shiga abin da Tokie ba ta sani ba tukuna. A nan yaron ya sauke waya daga kunne, ya sunkuya mini. Ya san ladabi, wannan kam na ba shi.

Mai kira ya juya wajen mai kaya, don har a lokacin yana da ikon ya ce albarka ya mayar da abinsa gida. Yaya Roku ya yi shiru, ya ja shirun da gangan har gumi ya karyo mini. Sannan ya ce, "Ba shi. Ya yi kuka ya isa." Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni ban yi kuka ba, kowa shaida ne.

A bakin matakala na ce masa ya zo gida ya gan su tare. Ya ce sai ya ga dama. Ya riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu yana sauka.

Alhamis, 18 ga Mayu

Dogo a sama, Gajere a ƙasa. Zalɓe ya samu kyauro. Na zauna a gabansu har miyar safe ta huce. Duk lardin nan babu mai irinsu, kuma na san abin da nake faɗa.

Litinin, 22 ga Mayu

Na kai su wa Uno mai washi ya duba. A Yuli masu tantance takubba za su zauna a Tokyo, kuma in biyun nan suka shiga tare, babu tabo, takardar daraja ta sama za su fito da ita. Ita na yi rayuwata ina hange, ban taɓa riƙe ta da sunana ba.

Uno ya daɗe yana juya Gajere. Da ya mayar da shi kube ya cire takardar bakinsa ya ce, "Kada ka kawo mini wannan da sunan washi, Genzo-san. Ya gaji. An wasa shi sau da yawa tun kafin kakanninmu, fatarsa ta zama kamar ta albasa. Dutse ya ƙara hawa kansa sau ɗaya, baƙin ƙarfen ciki zai leƙo, shi ke nan."

Na ce wa ya ce masa yana buƙatar washi? Tas yake.

"Tas yake. Ka bar shi tas. Damina na tafe, ka cire shi daga kuben ado, wancan tsohon kuben ya tsage ta ciki, yana shan iska."

Kamar ni za a koya wa damina. Tun a daren na mayar da ruwan takobin cikin farin kuben katako na ajiya, kuben ado kuma na sa masa takobin katako ya riƙe shi, yadda ake yi. A ido ba mai bambancewa.

Alhamis, 1 ga Yuni

Yaya Roku bai zo ba har yau. Na kira in tsokane shi, Sumie-san matarsa ta ɗauka. Yana asibiti tun makon jiya. Ya hana a gaya mini.

Lahadi, 11 ga Yuni

Ruwa ya sauko, na damina sosai. Na je asibiti. Ba a shiga da takobi, sai na sa Tokie ta ɗauki hotonsu a waya.

Ya rame. Bakin dai yana nan. Ya dubi hoton ya ture hannuna. "Hoto? Kai ma ka zama Shiraishi."

Na ce to ya tashi ya zo ya gani da ido.

"Ni ba ido nake gani da shi ba, ka sani. Miƙo mini a hannu, in rufe ido in gaya maka garin da aka ƙera shi." Gaskiyarsa ce, da nauyi yake gane takobi, kuma tun muna yara abin yake ba ni haushi. Sai ya ce ya ji labarin baƙin sulke. Na jira dariyar da Tokie ta yi mini alkawari. Bai yi ba. Ya ce, "Tsada na yi maka, Genzo."

Na ce araha na samu, shi aka cuta. Wannan ya sa shi murmushi.

Zai tashi. Irinsu ba sa mutuwa da wuri, sai sun ga bayan kowa.

Talata, 20 ga Yuni

Yaya Roku ya rasu da asuba.

Laraba, 21 ga Yuni

Jiya da rana muka je gidan. An shimfiɗe shi a ɗakin tabarma, kai wajen arewa, farin ƙyalle a fuska. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, gidan ga shi a bakin kogi, bango har gumi yake. Masu hidimar jana'iza sun jera masa ƙanƙararsu a ƙarƙashin mayafi, sanyinta yana tashi.

A kan ƙirjinsa akwai wuƙar tsaro, wadda ake ɗora wa mamaci ta raka shi har a sa shi a akwati. Cikin jakar zane mai zaren zinariya. Da na sunkuya zan kunna turare gwiwata ta taɓa gefen mayafi, abin ya motsa kamar cokali. Na sani nan take. Ta haya ce, ta roba, wadda suke yawo da ita gida-gida.

Mutumin da takubba suka bi ta hannunsa fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Na tambayi Sumie-san a gefe. Ta ce babu takobi ko ɗaya a gidan, duk ya sayar tun bazara da ya ga hannunsa ya daina yi masa biyayya, yana tsoron ya yar da wani ya ɓata shi. Gajere ne na ƙarshe. "Shi ma da ƙyar," in ji ta. Ba ta roƙe ni komai ba. Ba ta ma san abin da take faɗa mini ba.

Na dawo gida na tsaya gaban maratayi. Dabara a fili take, kuma kowane dillali mai hankali ita zai yi: in ɗauki kuben adon Gajere da takobin katakon da ke ciki, in sa a jaka, in kai. Ga kyauro, ga ƙota, ga komai. Ba mai zare wuƙa a kan gawa. Ruwan takobin yana gida a bushe, Tokyo tana jira. Har na ɗaure jakar.

Na ɗaga ta a tafin hannu, na ji yadda take.

Tokie tana bakin ƙofa. Ta ce, "Ba wanda zai sani."

Na ce, "Shi zai sani. Katako zan ɗora wa Yaya Roku a ƙirji? Har lahira sai ya ba da labarina."

Na kwance. Na shafa wa ruwan takobin mai fiye da ƙa'ida, na mayar da shi kubensa na ado mai tsaga, don da kayansa ya san shi, ba da farin katako ba. Na kai da kaina, na ɗauke ta robar na miƙa wa ma'aikacin, na ɗora. Mayafin ya ɗan lotsa. Haka ya kamata.

Kwana biyu ne kawai. Man zai riƙe. Na san aikina.

Juma'a, 23 ga Yuni

An ƙone gawar Yaya Roku yau, yadda al'ada take. Kafin a rufe akwati Sumie-san ta miƙo mini jakar da hannu biyu, sanyi ƙalau, zanen ya jiƙe. Shiraishi ya zo daga Tokyo, da baƙar riga, babu waya a hannu.

Da na dawo ban cire kayan makoki ba na zare Gajere. Na goge man. Kusa da gindi, wajen tafin hannu ɗaya daga ƙota, ga tsatsa nan. Ja, kamar ƙwayar riɗi.

Na goge. Na sake gogewa. Ta riga ta ci.

Litinin, 26 ga Yuni

Uno ya duba. Bai ce "na gaya maka" ba, wanda ya fi ciwo. Ya kashe ta da mai da ɗan ƙaho, ta koma baƙa, ba za ta yaɗu ba. Cirewa kuwa sai dutse, kuma ya riga ya faɗi abin da dutse zai yi. Ya ce a gwada in na yarda, wataƙila a dace, rabi da rabi. Da tabon, masu tantancewa za su ba da takarda, amma ba ta sama ba.

Ya tambaye ni yadda aka yi mai hankali kamata ya bar takobi a tsagaggen kube cikin damina. Na ce mantuwa ce. Ya dube ni ta saman tabarau. Shi ma yana wurin jana'izar.

Na ce zan yi tunani. Rabi da rabi ba mugun ciniki ba ne, na ci riba a kan abin da bai kai haka ba.

Lahadi, 2 ga Yuli

Na wuce ta gada. An sauke allon shagon Yaya Roku. Na saba in rage tafiya a nan don ya hango ni ya yi mini baƙar magana, yau ma ƙafata ta rage da kanta.

Tokie ta ce ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo. Na ce wa ta ga yana kuka?

Asabar, 15 ga Yuli

Jiya aka rufe karɓar takubba a Tokyo. Ban je ba. Zafi ya yi yawa, jirgin ƙasa cike da 'yan hutu, ba zan yi ta jan kaya masu daraja cikin cunkoso ba. Akwai baɗi. Uno ya kira kan maganar dutse, na ce masa ba yanzu ba, dutsensa ya huta. Shiraishi ma ya aiko da tayi a kan biyun, da tabon da komai, tayi mai kyau. Na ce albarka.

Har yanzu duk lardin nan babu mai irinsu.

Yau ranar shafa mai ce. Na yi wa Dogo, na ɗauko Gajere. Tabon bai ƙaru ba, bai ragu ba. In an karkata shi wajen taga, nan ido yake fara sauka, kafin zanen wuta, kafin komai. Na daɗe ina kallo.

Sai ga Tokie da shayi, ta tsaya a bakin ƙofa. "Baban yara, da wa kake magana?"

Na ce ba da kowa ba.

"Na ji ka ce, 'Ka ga aikinka ko, Yaya.'"

Takardar tana kan cinyata, ban san lokacin da ta bar bakina ba. Na duba ruwan takobin sama da ƙasa, babu ɗigo, na dai juyar da kai gefe ashe. Maigida da ya gani da na sha ranƙwashi.

Kofi biyu ta kawo. Ban tambaye ta na wa ne ɗayan ba.